Yaya Inuwa, wanda ya ƙi fita da safe

Shekara ashirin ke nan da muka kai Yaya Inuwa makwancinsa. Ban tara kowa ba. Na sa an dafa shinkafa an raba wa maƙwabta, na yi masa addu'a bayan azahar, na koma shago. Aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, sauran karatuna a kasuwa na yi shi, saboda haka ba za a sami ado a wannan rubutu ba. Abin da na gani zan faɗa, wanda ya ga zai iya amfani da shi ya ɗauka.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a unguwar New Bell ta Douala aka haife mu, a nan aka haifi Baba ma. Baba ya raba mu tun muna yara. Ya tura Inuwa boko, ni ya kai ni kasuwar Marché Congo ya danƙa ni hannun Alhaji Garba mai atamfa. Dabararsa ita ce idan boko ta ci amana kasuwa ta riƙe gidan, idan kasuwa ta faɗi albashi ya riƙe. Bai taɓa kawowa a ransa cewa duka biyun za su iya durƙushewa a shekara guda ba. Inuwa ya yi karatu har jami'a, ya dawo da tabarau da Faransanci mai santsi, unguwa ta sa masa suna Misiye. Ni kuwa Tanko nake, Tanko na tsaya.

Aikinsa a wani ofishi ne da ke yi wa gwamnati bincike a kan tattalin arziki. Na daɗe ban gane me suke yi a ciki ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "Muna duba yadda tukunyar garin nan ke rabuwa ne. Wa ya ci da nama, wa ya ci gaya, wa ya kwana haka nan, kuma samari a ina suke wuni." Na ce wannan ai ko ni na sani. Ya ce, "Ka sani mana. Amma gwamnati ba ta jin zancen bakin kasuwa, sai an mayar mata da shi lissafi."

Sai shekarun matsin tattalin arziki da ake kira lakiriz suka shigo. Wanda bai gan su ba ba zai gane ba, wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Aka yanke albashi, kamfanonin bakin ruwa suka yi ta sallamar mutane, aka yi ta rufe gari da yajin aiki, daga baya kuɗinmu sefa kanta ta karye. A shagonmu mace za ta zo ta buɗe turmi uku, ta shafa, ta kara a jikinta, ta tambayi kuɗi, ta ce za ta dawo. Mu ninke mu mayar. Haka muke wuni muna buɗewa muna ninkewa.

A cikin wannan hali aka ce gwamnati da wasu Turawa masu ba da taimako za su buɗe wurin koya wa samari sana'a, walda da kanikanci da aikin lantarki, wanda ya gama a ba shi kayan aiki. Ba za a iya yi a kowace unguwa ba. Aka ce sai an bi gida-gida an tambaya, inda aka fi samun samari marasa aiki nan za a kafa. Ofishin su Inuwa aka ba binciken. Suka turo ɗalibai 'yan kudu, masu ladabi, ba su da laifin komai. Su tsaya a ƙofar gida da rana tsaka, maigida na zaune a kan tabarma, maƙwabci ya leƙo, yara sun kewaye, su dubi saurayi su ce masa, kana da aiki?

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san amsar da za a ba su. Wannan ya ce yana taimakon babansa a kasuwa. Wancan ya ce dillali ne. Wani ya ce kayansa na kan hanya daga Kano. Idan saurayin ba ya nan, uban ya amsa masa, "Ya fita aiki." Ɗaliban suka rubuta abin da aka gaya musu. Da aka haɗa lissafi sai ga unguwar Hausawa ta fito a cikin unguwannin da suka fi kowa aikin yi a Douala. Inuwa ya ce da ya gani dariya ya yi har shugabansa ya leƙo. Da ya iso gida kuwa ba dariya a fuskarsa.

Sai na yi bayanin fita, don yaran yanzu. A wurinmu namiji ba ya wuni a gida. Ɗakunan ƙanana ne, tsakar gida ta mata ce, kuma wanda aka gani zaune da hantsi an gama da shi, ba mai ba shi ajiyar kaya, ba mai ba shi 'ya. Don haka saurayin da ba shi da abin yi sai ya goge kaftaninsa tun da dare, da safe ya yi wanka, ya gaida iyaye, ya fita da sauri kamar ana jiransa. Ba zai zauna a Nkololoun ba, nan kusa ne, za a gan shi. Gada zai haye zuwa Bonabéri, wani a ƙafa, wani ya roƙi direban babbar mota. A kasuwar Grand Hangar za ka same su jere a bayan teburin mai shayi, suna kallon motoci na lodi. La'asar ta yi su kamo hanya. Uwa ta ce sannu da aiki, ya ce yawwa. Ta sani, ya san ta sani, uban ma ya sani. Ba wanda zai furta. Mu rufin asiri muke kiran wannan, kuma ban ce ba shi da amfani ba. Ya hana samari da yawa haukacewa.

Inuwa ya roƙi shugabansa a sake zagaye a unguwarmu. Aka ce masa za a duba, amma sai mutanensa sun yarda su faɗi gaskiya, ofis ba zai rubuta abin da ba a gaya masa ba. Ranar wata Juma'a bayan an sauko ya sami dattawa a zauren Alhaji Garba. Ina wurin, ni na shimfiɗa tabarmi. Ya yi musu bayani da Hausa tsantsa, bai sa kalmar Faransanci ko ɗaya ba, abin da na san ya yi masa wuya.

Alhaji Garba ya bari ya gama sannan ya ce, "Misiye, mun ji. Wato mu kira baƙo har ƙofar gida mu ce masa 'ya'yanmu zaman banza suke yi, ya rubuta ya kai wa hukuma."

"Ba zaman banza ba, Alhaji. Rashin aiki. Ba su suka jawo shi ba."

"A takarda duk ɗaya ne. Kai ɗan ƙasa ne, kana da katinka a aljihu. Rabin yaran da ke kwana a shagunanmu daga Najeriya suka zo, ba su da ko guntuwar takarda. Yau ka rubuta ba su da aiki don a koya musu walda, gobe wani ya karanta ya turo mota. Za ka bi motar ka yi mata Faransanci?"

Aka yi dariya. Inuwa ya ce ba a rubuta suna a irin wannan bincike. Wani tsoho daga gefe ya ce, "Ba sai an rubuta suna ba, ɗana. An san hanyar unguwar." Da haka aka shafa fatiha.

Na faɗi wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka dattawan jahilai ne shi kaɗai ne mai ido. Sun san abin da suke tsoro, sun sha ganinsa. Shi ma ya san abin da yake gani. Idan yau aka sake tara su a zaure ɗaya ban san wanda zan tsaya a bayansa ba.

Ana cikin haka guguwar ta iso ofishinsu. Aka rage ma'aikata, sunansa na ciki. Duk mun ɗauka mun san abin da zai biyo baya: zai ɗaura lakataye, ya ɗauki jakarsa, ya fita kamar kullum har Allah ya kawo wani abu. Manyan ma'aikata da yawa haka suka yi, wasu matansu ma sai daga baya suka ji. Washegari da hantsi sai ga Yaya Inuwa ya jawo benci ya ajiye a ƙofar gida, bakin hanya, ya zauna da 'yar shara da silifas.

Mai wucewa ya ce, "A'a, Misiye, hutu aka samu?"

"Ba hutu ba ne. An sallame ni. Ba ni da aiki."

Ba mu da gaisuwar da ake mayar wa wannan magana. Wasu suka ce Allah ya kawo mafita suka ƙara sauri, wasu suka koma bin ɗaya layin. Matarsa Hajara ta daina zuwa famfo da rana, sai ta aiki yaran maƙwabta. Inna ta kira shi ɗaki ta ce ko masallaci ne ya je ya wuni, ai ba a tambayar wanda ke masallaci. Ya ce mata zai je duk lokacin salla ya dawo bencinsa.

Ni aka turo ƙarshe. Na ce, "Yaya, ka zo shago ka zauna. Ba sai ka taɓa komai ba. Ga kujera, ga fanka."

"Sai a ce ina aiki?"

"Eh mana."

"To shi ne ba na so, Tanko. Na tsaya gaban dattawa na ce yaransu su faɗa a ƙofar gida. Yanzu abin ya zo kaina sai in haye gada?"

Na ce masa Inna ba ta cin abinci. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce in saya mata kifi mai kyau a hanyata ta dawowa. Taurin kai ne, ban canza ra'ayi ba har yau. Ya sa tsohuwa kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Amma ban taɓa ganin wani ya yi irinsa ba, kafin shi ko bayansa.

Sannu a hankali benci ya fara samun baƙi. Da farko masu dawowa daga Bonabéri ne ke tsayawa su gaishe shi. Daga baya wasu suka ga wahalar hawa gada ba ta da dalili tunda ga wurin zama a gida. Yana tambayarsu abin da suka iya, abin da suka taɓa yi, inda suka nema aka hana su. Yana gaya musu abubuwan da ni ma a nan na fara ji: cewa ba lalacinsu ne ya rufe kamfanoni ba, cewa a garin nan akwai unguwannin da lakiriz ba ta hana kowa canza mota ba, cewa idan aka ce ƙasa ta talauce sai a tambaya wa ya talauce a cikinta. A cikin masu zaman akwai Rabi'u, ɗan ƙanin Alhaji Garba, wanda ya zo daga Kano da niyyar kasuwanci ya tarar kasuwa ta mutu. Mai barkwanci ne, shi ya sa wa bencin suna Ma'aikatar Hutu, yana kiran Inuwa Minista.

Wata safiya aka yi kame a unguwa, irin wanda muke kira raful, a tare layi ta gaba da baya a kwashe duk namijin da aka samu. Ba sabon abu ba ne a New Bell. Sai dai masu fita sun riga sun fita, suna can Grand Hangar lafiya lau. Waɗanda aka samu a zaune su ne 'yan benci. Aka tafi da su har da Inuwa. Masu katin ɗan ƙasa aka sako su kafin magariba. Rabi'u ba shi da takarda, kuma da aka tambaye shi sana'arsa bai ce yana shagon baffansa ba, ya ce ba shi da aiki. Aka riƙe shi, daga baya aka sa shi a mota zuwa iyaka. Ya isa gida da rai, mun sami labari, amma bai sake takowa Douala ba.

Alhaji Garba bai zo ya yi faɗa ba. Bai sake yi wa Inuwa magana ba har ɗayansu ya mutu, shi ke nan. Ni bai kore ni ba, amma ya daina sa hannu a kwano ɗaya da ni, ya ce a riƙa zuba mini nawa daban. Inuwa ya yi ta zirga-zirga wurin tsofaffin abokan karatunsa don a sako yaron, bai yi nasara ba. Bai taɓa cewa laifinsa ne ba, bai kuma taɓa cewa ba laifinsa ba ne. Ya ci gaba da fito da bencin, sai dai yanzu yawanci shi kaɗai.

An sake zagayen, wata abokiyar aikinsa da ba a sallama ba ita ta matsa aka yi. Samari 'yan kaɗan suka faɗi gaskiya a gaban iyayensu. Sauran suka ce dillalai ne. Wurin koyon sana'ar aka kai shi wata unguwa. Wurin ya yi 'yan shekaru yana aiki, taimakon Turawa ya ƙare, injinan suka bi dare suka watse, yanzu ana sayar da katifa a ginin. Wato abin da ya jawo wa kansa baƙin jini a kai, ko da ya samu, ba zai kai ko'ina ba. Na taɓa gaya masa haka. Ya ce shi ba injin walda ya dame shi ba, abin da ya dame shi a rubuce yake a wani ofis cewa muna lafiya, kuma duk wanda zai raba wani abu nan gaba wannan zai buɗe ya duba.

Bai sake samun aikin ofis ba. Ya koma koya wa yara lissafi da Faransanci a zaure, iyaye su ba da abin da ya sawwaƙa. Ciwon hawan jini ya kama shi, ya yi ta fama, ya tafi ya bar Hajara da yara uku. Jana'izarsa ta yi jama'a, har da waɗanda suka daina bin layinmu saboda shi. Mu mutane ne masu zuwa jana'iza.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Douala ta yau. Yanzu ba a hawa gada a ƙafa don a ɓuya. Akwai bensikin, babur ɗin haya. Mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba duk suna kan babur ɗin wani, suna tsaye a mahaɗa su ashirin suna jiran fasinja ɗaya. Idan mai bincike ya zo, yanzu da waya a hannu suke zuwa ba takarda ba, ya tambaye su, kowa yana da aiki, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ina jin Inuwa zai ce fitar ce dai aka sa mata inji. Zai tambaya nawa ke saura a hannun yaro bayan mai babur ya karɓi nasa, man fetur kuma ya ci nasa, sannan zai tambaya shekara nawa gwiwa da baya za su ɗauka. Wasu kuma sun yi fitar da ba a dawowa da la'asar, sun bi hamada, iyayensu na cewa suna kasuwanci a waje. Gidajen sama sun ƙaru a can ɓangaren masu hali. Mu nan ruwan sama ɗaya ya ishe mu kwashe katifu mu ɗora a kan tebur, kamar yadda muke yi tun Baba na da rai. Ina jin a rediyo ana cewa tattalin arziki ya ƙaru. Ban musa ba. Ba ta layinmu ya biyo ba.

To me ya rage na mutumin? Ba gini, ba fili. Takardunsa ruwa ya ci rabi, sauran Hajara ta ba mai ƙosai. Unguwa ba ta canza hali ba. Har kwanan baya da an tambaye ni sai in ce babu abin da ya rage sai 'ya'yansa da labarin taurin kai.

Babban ɗansa, Sadiku, ya gama jami'a shekaru uku da suka wuce, yana ta kai takardu ba a kira shi ba. Ya ga yarinya a Nkololoun, suka daidaita, ni ne waliyyinsa, ni zan je gaisuwar farko. Na riga na shirya abin da zan ce idan aka zo kan sana'a: yana tare da ni a shago. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, yakan zo ya taya ni ranar Asabar. Kowa haka yake yi, su ma can sun san haka ake yi, za su karɓa su yi shiru.

Muna gab da fita Sadiku ya tare ni a ƙofa ya ce, "Baffa, in sun tambaya, ka gaya musu yadda take."

Na ce, "Kana son yarinyar ko ba ka so?"

"Ina so. Shi ya sa."

Na zage shi, na ce gadon da ya ga zai ɗauka ke nan duk cikin halayen ubansa. Muka tafi ni da wani aminina, ina ta saƙawa a hanya, har muka zauna ban yanke ba. Baffan yarinyar dattijo ne mai sayar da goro, Malam Isa, mun san juna sama-sama. Aka gaisa, aka sha ruwa, aka yi zancen ruwan sama da tsadar shinkafa. Sannan ya ce, "To, yaron namu me yake taɓawa?"

Na ji bakina ya ce, "Ya yi karatu ya gama. Ba shi da aiki. Yana nema."

Aminina ya taka mini ƙafa. Malam Isa ya daɗe yana kallon tabarma. Na fara neman takalmina da ido.

Bai ba mu yarinyar ba. Ya ce mu dawo bayan babbar salla a ga abin da Allah zai yi, kuma ban san yadda za ta ƙare ba, mai yiwuwa na kashe wa yaron aure. Amma da ya rako mu bakin hanya sai ya riƙe hannuna ya bar aminina ya yi gaba. Ya rage murya, ko da yake ba kowa kusa, ya ce, "Malam Tanko, nawa biyu ne a gida. Kullum da safe sai sun fita."